Wayar da Mista Ruben Ya Ƙi Bugawa

Ban taɓa mantawa da wata Juma'a ta watan Disamba ba, kuma duk wanda aka turo mini in koya masa aikin nan sai na ba shi labarinta kafin in nuna masa inda ake ajiye makullai. Ku da kuka shigo aikin asibiti a bayanmu, ku yi haƙuri da tsoho, zan ɗan ja ku da nisa.

Sunana Ayuba, mutumin Wusasa ne ni, Kirista, kuma na yi shekaru ina aiki a ofishin da ke kula da iyalan mamata a wani babban asibiti a Birmingham. Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda yake. Idan mutum ya rasu, sai a aiko mana da fayil ɗinsa. Mu ne za mu bi likitan da ya duba shi har ya rubuta takardar shaidar abin da ya yi sanadin mutuwar. Iyalai su karɓa su kai wa mai rajista a ofishin council, wato ƙaramar hukuma, shi kuma ya ba su wata koriyar takarda, wadda in babu ita ba mai haƙa kabari. Amma idan mutuwar ta zo bagatatan, ko kuma babu likitan da ya san ciwon da ya kashe mutum, to likita ba shi da ikon rubuta komai. Sai a miƙa maganar ga coroner, wato jami'in shari'a mai binciken sanadin mutuwa, shi ne kuma zai ce a buɗe gawa a duba ko kada a buɗe. Daga nan asibiti ba shi da ta cewa, iyalai ma haka.

Shekarun nan ne da gwamnati ta ɗaure bakin jaka. Mu biyar ne a ofishin da farko, aka yi ta zare mu ɗaya bayan ɗaya har muka koma biyu, ita shugabarmu kuma aka haɗa mata asibiti biyu, ta yi safiya a can ta yi yamma a nan. Ɗan ɗakin da muke shigar da iyalai mu yi magana a keɓe aka mai da shi ma'ajiyar kaya. Saboda haka duk wanda aka yi wa rasuwa, kowane iri ne shi, a benci ɗaya yake zama a bakin ƙofarmu, kowa yana kallon abin da aka miƙa wa kowa.

Ranar ni kaɗai ne, ga fayil biyu a gabana. Na farko na wani dattijo ne Bayahude daga Manchester. Ya zo wajen 'yarsa ciwon zuciyar da ya daɗe da shi ya tashi, ya yi kwanaki a kwance a wurinmu, ya cika ranar Alhamis. Likitar da ta yi jinyarsa tana bakin aiki, kafin ƙarfe tara da rabi ta sa hannu. Na biyu na Nasiru ne, ɗalibi daga Funtuwa mai karatun digiri na uku, bai kai arba'in ba. Lafiyarsa ƙalau ya faɗi a flat ɗinsa a Sparkbrook, kafin a yi wani abu rai ya yi halinsa. Ina buɗe fayil ɗin na ga likita ya riga ya rubuta cewa an tura wa coroner.

Tun ƙarfe takwas Malam Sani ya iso da mutum uku. Malami ne a wata jami'a a gida, ya zo ƙarin karatu da furfurarsa, shi ne kuma uban ɗaliban Arewa a garin. Ya san ni, don duk Bahaushen da ke tsakanin Sparkbrook da Sparkhill ya san akwai mai jin Hausa a ofishin mutuwa. Ba mai son ganina, amma kowa yana da lambata. Muka gaisa, na yi masa ta'aziyya, sai kawai ya miƙo mini wayarsa ya ce mahaifiyar marigayin ce daga Funtuwa. Muryar tsohuwa ce wadda kuka ya dusar. Ta ce ta ji labarin abin da Turawa suke yi wa gawa, ta ce, "Ɗana, amana na ba ka, kada a taɓa masa jiki." Ni kuma bakina ya riga hankalina, na ce, "To, Mama."

Da na miƙa masa wayar ya tambaye ni ko za su samu gawar kafin sallar Juma'a. A nan ne ya kamata in zaunar da shi in gaya masa gaskiya. Ban yi ba. Na ce muna kan takardun, a ɗan yi haƙuri. Zan faɗa muku dalili ba don in wanke kaina ba. Mu a yadda aka raine mu, ba a dukan mutum da mugun labari kai-tsaye, sai an kewaya, an shimfiɗa, an nemo babba ya faɗa. Ga shi na riga na ce wa tsohuwa to. Ga kuma wani tsoro da ban taɓa faɗa wa kowa ba a lokacin: kada in buɗe baki in ce za a iya yanka ɗan'uwansu, su dube ni su ce ai dama ba addininmu ɗaya ba, me ya dame shi. Sai na ce a raina bari shugaba ta zo ta faɗa musu da bakinta. Na kuwa san sarai ba za ta shigo ba sai ƙarfe biyu.

Wajen ƙarfe goma Mista Ruben ya iso tare da ɗan dattijon nan Bayahude da ya rasu. Gajeren tsoho ne, ya haura saba'in, da 'yar hula a tsakar ka da wata tsohuwar kwat da ta ga damuna da yawa, yana riƙe da jakar leda cike da takardu. Yana cikin ƙungiyar mutanensu Yahudawa masu wanke mamata da binne su, aikin sa kai ne, ba a biyansu. Sau biyu ya taɓa zuwa wurina kafin nan, na san ya yi aikin yankan yadi a masana'antar rigunan ruwa, da ta rufe ya koma tuƙin tasi. Tun asuba ya baro Manchester, don su ma kamar Musulmi ba sa son gawa ta kwana, kuma da zarar rana ta faɗi ranar Juma'a hutun Asabar ɗinsu ya shiga, ba tuƙi, ba binnewa sai Lahadi. A Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu rana ta tafi. Takardarsu tana shirye, na miƙa musu, duka-duka bai fi minti goma ba.

Malam Sani yana kallo. Ya miƙe ya zo bakin kanta ya ce, "Malam Ayuba, mu tun eight muke zaune a nan. Wannan yanzu ya shigo har ya karɓi certificate?" Kafin in haɗa amsa ya juya wajen tsohon, ya koma Turanci don kowa ya ji. Ya ce ai dole, tunda su ke da bankuna, su ke da jaridu, su ke juya gwamnati. Ya ce waya ɗaya Bayahude zai buga ƙofa ta buɗe, har gawarsu ma tana gaba da ta sauran mutane.

Ni ne kaɗai a nan na san abin da ya raba fayil ɗin nan biyu, kuma da jimla biyu zan iya kashe maganar. Abin da na ce da Hausa shi ne, "A yi haƙuri, Malam, ka san yadda ƙasar take." Har yau idan na tuna kalmomin nan sai in ji kunya ta rufe ni.

Ɗan marigayin ya yunƙura zai yi magana, Mista Ruben ya riƙe masa hannu, ya ce ya wuce ofishin rajista kada lokacinsu ya ƙwace. Fuskar tsohon ta yi ja har wuya. Na ɗauka fita zai yi ya kai ƙara, kuma da ya kai da gaskiyarsa. Sai ya je ya zauna a bencin, ya nuna wa Malam Sani gefensa. Ya tambaye shi shekarun mamacin, ko yana da wani ciwo, ko GP, wato likitan unguwa, ya gan shi kwanan nan, a ina ya faɗi. Malam Sani yana amsawa a daƙile. Da ya gama ji sai ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ka gaya musu?" Na ce tukuna. Ya ce, "To gaya musu yanzu, da harshenku."

Haka na fito daga bayan kanta na tsaya a gabansu na faɗi abin da na yi awa biyu ina ɓoyewa. Na ce shi dattijon likita ta san ciwonsa, ta yi jinyarsa, shi ya sa ta sa hannu. Nasiru kuwa ba wanda ya san abin da ya kashe shi, maganarsa tana hannun coroner, yau babu jana'iza, kuma mai yiwuwa ne a ce sai an buɗe shi. Malam Sani ya yi salati ya zame ya zauna. Dattijo da furfura ya rufe fuska da hula yana kuka, yana cewa me zai gaya wa Hajiya mahaifiyar yaron, me zai gaya wa matarsa da ke Sparkbrook da goyo.

Mista Ruben ya bar shi ya yi mai isarsa. Sannan ya ce su ma addininsu bai yarda a yanka mamaci ba, kuma sun daɗe suna fama da wannan a Manchester. Ya ce akwai hanya: ana iya roƙon coroner ya yarda a sa gawa a na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, irin wadda ake sa masu rai, in hoton ya nuna sanadi shi ke nan ba a sa wuƙa. Bai ɓoye masa komai ba. Ya ce ba kullum ake yarda ba, ba kullum hoton yake nunawa ba, kuma iyalai ne ke ɗaukar nauyinsa. Amma dole roƙon ya isa yau, kafin a sa sunan yaron a jerin waɗanda za a buɗe ranar Litinin.

Malam Sani ya kama hannunsa da hannu biyu, ya manta da duk abin da ya faɗa ɗazu. Ya ce don Allah ya buga wa ofishin coroner waya, shi za su ji maganarsa. Tsohon ya zare hannunsa a hankali ya ce, "A'a. In na buga aka yarda, za ka koma gida ka ce maganarka ta tabbata. In na buga aka ƙi, za ka ce ban so ba ne. Kai za ka buga, da wayarka, da sunanka. Ni zan zauna a nan."

Ya zaro wani ɗan littafi da ya sha hannu har ya yi laushi, ya karanta masa lamba. Ya ce ya duba allon sanarwa da ke bayansa, ga ta can a manne, kowa na iya gani. Malam Sani ya buga. Aka sa masa kiɗan jira har kunnensa ya yi zafi, layin ya katse. Ya sake bugawa, aka ce jami'ar da ke riƙe da fayil ɗin ta fita, su ma an rage su. Ya dubi Mista Ruben, tsohon ya ce, "Sake." A tsakanin haka ya sa shi rubuta takardar roƙo. Malam Sani mutumin jami'a, ya cika shafi guda da ayoyi da tarihin marigayi, tsohon ya karɓa ya duba ya mayar masa kamar malamin firamare. Ya ce ba wa'azi aka ce ya yi ba, matar da za ta karanta tana da gawa da yawa a tebur. Layi biyar: sunan mamaci, waye kai a wurinsa, addininku ya hana, kuna roƙon hoto, kun yarda in bai nuna ba coroner ke da magana ta ƙarshe. Aka tura mutum ɗaya Sparkbrook ya samo sa hannun matar Nasiru, wani ya tafi wajen liman ya karɓo wasiƙa. Ni kuma aikina ya zama aika takardu da neman lambar fayil, ina yi kaina a ƙasa.

Suna cikin jiran waya ne ya yi maganar abin da aka faɗa masa, kuma bai ɗaga murya ba. Ya ce maganar nan ya ji ta a makaranta yana yaro, ya ji ta daga fasinja a bayan tasi, yanzu jikarsa tana ganinta a wayarta, kuma bai taɓa sabawa da ita ba. Ya ce mahaifinsa a gidan haya na council, irin na talakawa, ya mutu, shi kuwa har yau yana neman bankin nan da ake cewa nasa ne. Lokacin da mahaifiyarsa ta rasu an buɗe ta, don ba wanda ya san yadda ake roƙo, tun daga nan ya fara zama a benci irin wannan yana koyon wa ake kira da me ake rubutawa. Ya dubi Malam Sani ya ce, "Kana cikin makoki, shi ya sa na zauna. Amma kada ka ɗauka ban ji zafi ba."

Sha ɗaya da rabi ɗan marigayin ya dawo da koriyar takarda, motar ɗaukar gawa tana waje. Ya ce su tafi. Mista Ruben ya dubi agogo, ya dubi takardar da ba a gama ba, ya ce su yi gaba zai biyo su, a gaya wa mutanensu a fara shiri. Saurayin ya yi jim kamar zai yi gardama, ya fasa, ya tafi.

Sai wajen ƙarfe ɗaya aka samu jami'ar. Malam Sani ya yi bayani da kansa, tsohon yana gefe bai sa baki ko sau ɗaya ba. Ta ce takardun sun iso, ba ta yi alkawarin komai ba, amma ba za a taɓa gawar ba sai coroner ya duba roƙon ranar Litinin. Mista Ruben ya tattara jakarsa ya miƙe, ko sallama sosai bai tsaya yi ba. Na bi shi har wurin ajiye motoci ina ta zuba godiya. Ya buɗe ƙofar wata tsohuwar mota, ya tsaya ya ce bai san Hausa ba, amma ya ga fuskata lokacin da na amsa wa mutumin. Ya ce, "Shi bai sani ba. Kai ka sani." Ya shiga ya ja motarsa.

Ranar Litinin coroner ya amince. Talata aka ɗauki hoton, mutanen masallaci suka haɗa abin da ake bukata, hoton kuma ya nuna jijiya ce ta fashe a kansa. Ba a taɓa jikin Nasiru ba. Laraba aka yi masa sutura, na ɗauki rabin yini na je na tsaya daga gefe a ƙofar masallacin da ke bayan Stratford Road. A nan na ji wani yana ce wa na kusa da shi ai wani Bayahude ne ya sa baki, su in suka ce a yi an gama. Malam Sani yana kusa, ya juyo ya ce, "Ni na buga wayar. Ina da call log ɗin, zo ka ga sau nawa aka katse ni. Shi ko hello bai ce ba." Ban ga alamar mutumin ya gamsu ba, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce unguwa ta sauya ba.

Bayan kwana biyu Malam Sani ya roƙe ni lambar tsohon yana so ya ba shi haƙuri. Doka ba ta ba mu damar ba da lambar kowa ba, sai na ce zan tambayo. Na buga Manchester daga ofis. Tambayarsa ta farko ita ce ko an buɗe yaron. Na ce a'a. Na ji ya sauke numfashi. Game da Malam Sani kuwa ya ce in gaya masa ya ji, ya kuma karɓa. Ya ce in yana so ya yi masa wani abu, ya koya wa na bayansa layi biyar ɗin nan, kuma ranar da aka sake faɗin maganar a wurin da babu Bayahude ko ɗaya, ya buɗe baki, don a can ne ake bukatarsa.

Har zan ajiye sai na tambaye shi ko ya samu jana'izar dattijon. Ya ce hanya ta cushe, kafin ya isa an riga an rufe kabari. Ya ce abokinsa ne tun suna yara a layi ɗaya, kuma sun yi alkawari tun da daɗewa cewa wanda ya rage a cikinsu shi zai wanke ɗan'uwansa. Wani ne ya wanke shi. Bai ƙara komai a kai ba, ya yi mini fatan alheri ya ajiye wayar.

Na daɗe zaune da kan wayar a hannuna. Da na faɗi gaskiya tun ƙarfe takwas, da Malam Sani ya yi kukansa da wuri, da ba a zagi kowa ba, da ko tsohon ya taimaka ma zai tashi a kan lokaci ya cika alkawarinsa. Kunyata da nake ɗauka tarbiyya ce, wani ne ya biya ta.

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan. Mai makoki ba ya iya zama babu dalili. In ma'aikaci ya ɓoye masa na gaskiya, zai ɗauki wanda ya saba ji a gari, kuma kusan kullum sunan wasu mutane ne a jikinsa. Tun daga ranar ban sake cewa ana kan takardu ba alhali na san ba a kai ake ba. Ina zaunar da mutum, in faɗa masa da bakina, in ya so ya tsane ni na yini ɗaya. Ku ma in fayil ya zo hannunku da mugun labari, ku faɗe shi da safe, kada ku jira shugaba.